Gwangwanin Inna da Ƙafar Baba

Shekarata ta huɗu ke nan ina noman ƙwayoyin cuta a Sabon Gari lokacin da Baba ya taka fil a shagonsa na Fagge. Noma nake ce masa don ban san sunan da ya fi wannan dacewa da aikin ba. A wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje nake, a saman bene, ƙasanmu masu sayar da kayan janareta ne. Ana kawo mana fitsari da majina da mugunyar ciwo a 'yan kwalabe, mu shafa a kan faranti mai ɗauke da abincin da muka dafa wa ƙwayoyin, mu rufe mu sa a akwatin ɗumi, washegari mu zo mu ga abin da ya tsiro. Mai wurin wata dattijuwa ce da kakanninta suka zo daga ƙasar Yarabawa, a Sabon Gari aka haife ta, Alhaja muke ce mata. Hausarta ta fi tawa kaifi, musamman in ta ga ka bar faranti a buɗe.

Baba bai taɓa ɗaukar aikina a bakin komai ba. In abokansa teloli suka tambaye shi me ɗansa yake yi, sai ya ce, "Likita ne, amma na fitsari." Su kwashe da dariya, ni ma in yi yaƙe. Tela ne tun kafin a haife ni, kuma da keken ƙafa yake ɗinki, wani baƙi da adon jikinsa ya goge tun ina yaro. Matasan layin duk sun koma keken wuta, shi ya ƙi, ya ce ba zai jingina tuwon gidansa da abin da ke zuwa sai ya ga dama ba. Da ƙafar dama yake taka feda, ta hagu kuwa yana ajiye ta gefe a kan wani guntun katako. Ƙafar damar nan ita ta ciyar da mu, ita ta kai ni makarantar da na koyo aikin da yake yi mini ba'a da shi.

Ciwon suga ya daɗe da kashe masa jin ƙafa, don haka bai san ya taka komai ba. Inna ce ta ga jini a silifas ɗinsa da ya dawo gida zai yi alwalar magariba. Ta zare fil ɗin daga ƙarƙashin babban yatsan ƙafarsa ta dama, ta wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwani.

Gwangwanin nan sai na tsaya na yi bayaninsa, domin ya girme ni. Na madarar gari ne, babba, yana zaune a saman kabad kusa da kwanukan aurenta. A gidanmu ba a zubar da magani. In likita ya rubuta maka kafso na kwana bakwai, ka sha na kwana uku ka ji garau, to sauran na gwangwani ne. Shan magani bayan an warke almubazzaranci ne a wurin Inna. A ciki za ka tarar da ja-da-yalo, da ja-da-baƙi, da farare, wasu a ledarsu wasu tsirara. Mai zawo a ba shi biyu, mai tari biyu, mai ciwon haƙori biyu. Mai rauni kuwa a ɓare kafso a barbaɗa masa garin. Matan layinmu suna aiko wa Inna neman kafso kamar yadda ake aiken gishiri, su ma in nasu ya ragu su kawo a zuba. Baba da kansa in ya yi ɗinkin sallah ya gaji, sai ya watsa biyu da shayi, wai suna wanke masa jini.

Na san illar wannan tun ina aji na biyu a makarantar koyon aikin, har jarrabawa na ci a kansa. Sau ɗaya na yi wa Inna magana, ta dube ni ta ce, "Kai wannan, da me ka girma in ba da shi ba?" Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana. Daga ranar na ja bakina na yi shiru. Abin da ya fi wannan muni, wanda ban taɓa gaya wa Alhaja ba, shi ne ni ma na sha zuba ragowar nawa a ciki. A wurin aiki ina rubuta wa mutane gargaɗi, a gida ina ɗan Inna.

Ranar da ta ɓare kafso ta barbaɗa wa Baba ina tsaye a tsakar gida da buta a hannuna. Na ce, "Baba, da an je asibiti." Ya ce, "Saboda fil? Fil nawa na taka kafin a haife ka?" Na yi alwalata na fita masallaci.

Mako biyu yana zuwa shago da tsumma a yatsa, yana taka kekensa. Inna tana ba shi kafso safe da yamma, yau wannan launi gobe wancan, duk wanda hannunta ya faɗa kansa. Wurin ya yi kamar zai rufe, sai ya sake buɗewa, ya faɗaɗa, ya zurfafa. A mako na uku na shiga ɗakinsa zan gaishe shi, wari ya tare ni a bakin ƙofa. Na san warin nan, kullum da shi nake wuni. Na tsuguna na kwance tsumman, na ga ya rine ya yi kore. Na ce masa gobe zan zo da auduga in ɗebi mugunyar in kai wurin aiki.

Ya ce, "A'a. Ni za ka kai. Ina so in ga masu cin ƙafar tawa."

Da safe na ɗauke shi a adaidaita sahu. Hawa benen nan ya ɗauke mu lokaci, yana dafe da kafaɗata yana mita wai wane irin asibiti ne ake wa maras lafiya horo kafin a duba shi. Alhaja ta tarbe shi, ta ba shi kujerarta, suka gaisa doguwar gaisuwa irin ta mutanen da. Da ta ga ƙafar sai ta dube ni, kallon da har yau ban manta ba. Na ɗebi mugunyar, na shafa wani a farantai, wani a kan ɗan gilashi. Na gilashin na busar, na rina, na sa a ƙarƙashin madubin gwaji, na ce, "Bismillah, Baba."

Ya cire hularsa, ya kanne ido ɗaya yadda yake yi in zai zura zare a allura. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Waɗannan ƙulu-ƙulun masu launin shuni da suka taru wuri guda fa?"

Na ce a kan fatar kowa ake samunsu, har tawa, har ta Alhaja, ba sa yi wa kowa komai sai sun samu ƙofa.

"Ga wasu kuma jajaye-jajaye, kamar an yayyanka zare."

Na ce waɗannan kansu ba iri ɗaya ba ne. A ciki akwai masu rina tsumma kore, masu son danshi, ko a bakin famfo suna rayuwa. Akwai kuma 'yan asalin hanji, waɗanda suke zaman lafiya da mutum muddin suna can.

"To me ya kawo mutanen hanji ƙafata?"

Alhaja ta ce, "Abinci, Malam. Jininka zaƙi gare shi."

Ya yi dariya har da tari. Ni kuwa bakina ya buɗe, na shiga zuba masa karatu, domin shekara da shekaru ina jiran ranar da zai tambaye ni wani abu game da aikina. Na gaya masa ba sa aure, ba sa goyo, ƙwaya ɗaya ce take rabewa biyu, biyun su zama huɗu, in sun samu ɗumi da abinci kafin mutum ya je masallaci ya dawo sun ninka. Na ce wasu sai da iska suke rayuwa, wasu kuma iska guba ce a gare su, shi ya sa suke shigewa can cikin nama inda ba ta kaiwa, su ne masu warin nan. Wasu in duniya ta yi musu zafi sai su dunƙule su kwanta a cikin ƙasa shekaru suna jira. Na nuna masa abincinsu, wani ja da muke haɗawa da jinin rago, wani ruwan hoda. Na buɗe masa akwatin ɗumi, na ce zafin jikin mutum muke ba su a ciki. Alhaja ta ce in an ɗauke wuta da bazara ba ma damuwa, a kan tebur muke barinsu, Kano ta ishe su.

Na ƙara da cewa yawancinsu ba ruwansu da cuta. Ɗan kindirmon jiya da Inna take zubawa a madarar yau don ta kama, su ne a ciki. Daddawar miyarsa ma aikinsu ce.

Ya mayar da hularsa ya ce, "Ikon Allah. Ashe su ma neman abinci suke." Sannan ya ce, "To, likita, ka gan su, ka san sunayensu, ka san gidajensu. Sai ka kore su."

A karon farko bai ƙara "na fitsari" ba. Na ji daɗi ƙwarai, kuma jin daɗin nan yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu yanzu.

Washegari farantan suka tsiro. Iri uku na ware: wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan zuma, wasu kore shar, wasu kuma da ba sa tsayawa wuri ɗaya, sun malale farantin duka. Kowane iri na shimfiɗa shi a sabon faranti, na jera masa 'yan takardu zagayayyu masu girman maɓallin riga, kowace an jiƙa ta da magani daban. Ƙa'idar mai sauƙi ce. In magani yana kashe su, gobe za ka ga fili fes kewaye da takardarsa, sun ja da baya. In ba ya yi, za su tsiro har gindinta. Na yi wannan aikin wa mutane ba adadi, ina yi ina sauraren rediyo. Ranar kuwa sai da Alhaja ta karɓi hantsakin daga hannuna ta ƙarasa jerawa.

Na riga kowa zuwa da safe. Na buɗe akwatin, na ɗaga faranti na farko wajen taga. Babu fili ko ɗaya. Sun tsiro sun kewaye takardun, ja-da-yalo da ja-da-baƙi da duk 'yan uwansu, kamar ba a ajiye komai ba. Na biyu haka. A na uku ne na ga wani siririn fili kewaye da takarda guda, ta wata allura da ba a samu sai a babban asibiti. Na ɗauko ma'auni na auna filin, na goge tabarau na sake aunawa, kamar awo zai ƙara masa faɗi. Da Alhaja ta iso ta tarar da ni zaune da farantan a cinya.

Ta duba ta ce, "Yau ɗin nan za ku kai shi asibiti."

Na ce, "Alhaja, ni na jawo." Na ba ta labarin gwangwani, ban dai ce ni ma ina zubawa ba.

Ta ce, "Gwangwaninku ya taimaka, ba na ce bai taimaka ba. Kafso biyu raunanan yake kashewa, masu taurin kai su samu fili su hayayyafa, har su koya wa waɗanda ba danginsu ba. Amma gida nawa ne a garin nan babu irin gwangwanin? Kemis nawa ne ba sa sayar da guda biyu? Ba a gidanku kaɗai aka horar da su ba. Tashi ka tafi, kuka ba ya cikin aikinmu."

Ban tafi asibiti kai tsaye ba, gida na nufa da zuciya a wuya. Na shiga ɗakin Inna ko sallama ban yi ba, na sauko da gwangwanin, na juye shi a masai. Ta biyo ni tana salati tana tambayar ko na haukace. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba, na ce wannan ne yake cin ƙafar Baba. Ta tsaya cak. Ta ce, "Ni? Ni da nake kwana ina masa fifita?" Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi. Ihu bayan hari na yi, kuma a kan wadda ba ta taɓa nufin kowa da sharri ba. Har yau in na tuna zamanta a kan turmin nan sai in ji na tsani kaina.

A asibiti aka kwantar da shi, aka fara allurar, aka daidaita sugan, ana kankare mataccen nama duk bayan kwana biyu. Likitar da take duba shi, wata matashiya mai magana a hankali, ta karɓi takardar sakamakon da na rubuta da hannuna, ta karanta ta ce aiki ya yi kyau. Sannan ta sa yatsunta a idon sawunsa ta daɗe tana laluben bugun jini. Ta ce mini a waje, ko maganin yana da ƙarfi, sai jini ya kai shi wurin, hanyoyin jinin ƙafar kuwa suga ya tsuke su.

Kwana goma sha ɗaya ina raba kaina tsakanin asibiti da Sabon Gari. Na sake ɗibar mugunyar na shuka, siririn filin nan ma ya ƙara tsukewa. Na san sunan kowannensu, na san abin da yake ci da zafin da yake so, ina iya raya su a faranti yadda na ga dama, in na gama in zuba su a tukunyar tururi su mutu cikin ƙanƙanin lokaci. A ƙafar mahaifina kuwa ko guda ban iya taɓawa ba. Kullum da safe in ɗaga bargo in ga baƙin ya ƙara hawa, daga yatsa zuwa tafin ƙafa, daga nan zuwa idon sawu. Baba yana kallon fuskata, ba ƙafar ba, don haka na koyi ɗaure fuska. Bai sake kirana likita ba, ko da wasa, ni ma ban so ya kira ba.

Ranar da likitar ta ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba abin zai shiga jini, Inna ta fita baranda. Ni na tsaya ina yi wa likitar tambayoyin da na riga na san amsarsu. Baba ya bari na gama, ya ce da ita, "'Yata, in kun cire, ba ni ita za ku yi ko?" Ta ce za a ba iyalinsa su binne. Ya ce, "To, madalla."

Da ta fita ya ce in je shago in ɗauko masa tef ɗin awo da alli da babban almakashinsa, in biya Kantin Kwari in yanko farin alawayyo. Na ce, "Baba, ka bar wannan, zan sa a yi." Ya ce, "Wa za ka sa? Yaran nan da ko wuyan riga ba su iya fitarwa ba?" Na tafi. A shagon na tarar da wani yadi a maƙale a bakin keken, allura a tsaye a tsakiyar ɗinki inda ya tsaya, guntun katakon nan yana gefe. Maƙwabtansa suka taso suna tambayar jiki, na ce da sauƙi.

Da la'asar ya sa na tayar da shi zaune, na jingina masa filo. Ya miƙo mini kan tef ɗin ya ce in riƙe a inda likita ta yi alama da biro, shi ya ja zuwa diddige, ya kewaya ƙwauri, ya auna tafin ƙafar a kan bandeji. Bai rubuta ba, bai taɓa rubuta awo ba. Ya shimfiɗa alawayyon a kan cinyarsa, ya ja layi da alli, ya yanka. Ba ka jin komai a ɗakin sai ƙarar almakashi. Inna ce ta karɓa ta ninke, ta sa a ƙarƙashin filonsa. Ta dube ni a karon farko tun ranar gwangwani ta ce, "Kai wannan, ka ci abinci kuwa?" Na ce na ci, ƙarya nake.

Washegari da hantsi aka shiga da shi tiyata. Kafin azahar wani ma'aikaci ya fito ya kira ni wani ɗaki, ya miƙo mini ƙafar a cikin leda. Na naɗe ta a alawayyon da hannuna. Ta fi yadda na zata nauyi. Na rungume ta a adaidaita sahu har maƙabarta, mai adaidaitan ya kashe waƙar da yake ji. Masu haƙa suka yi ɗan rami a gefe, na sa ta, muka mayar da ƙasa. Ban san addu'ar da ake yi wa ƙafa ba, sai na tsaya kawai har suka ce in tafi.

Da na koma asibiti ya farfaɗo, idonsa a lumshe, leɓensa a bushe. Inna tana zaune a gefe da carbi. Na tsuguna a kusa da kansa na ce, "Sannu, Baba."

Ya buɗe ido ya ce, "Yadin ya isa?"

Na ce, "Ya isa, Baba. Cif-cif."

Ya gyaɗa kai ya mayar da idonsa. Na zauna a bakin gadon, a wajen da bargo ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa. Can sai na ji ƙarfen gadon yana ɗan motsi. Na duba, ƙafarsa ta hagu ce ta samu sandar ƙarshen gadon, tana taka ta a hankali kamar fedar keke, gaba da baya, ba ta iya ba tukuna.